Makullin Turaka a Hannun Wa? Masu Rutin da Yaƙin Batir a Dutse

Da misalin ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, duwatsun da suka ba Dutse sunanta sukan fara amayar da zafin da suka sha tun hantsi. Tituna su yi tsit, masu babura su fake a gindin darbejiya, amma rumfunan gyaran waya ba sa rasa mutane. Teburin mai gyara kusan iri ɗaya ne ko'ina: fitila mai lanƙwasasshen wuya, mita mai wayoyi biyu ja da baƙi, ƙarfen narka dalma, tsohon buroshin haƙori, da tsohuwar laftof wadda rabin haruffanta sun goge. A ƙarƙashin teburin akwai kwali cike da gawarwakin wayoyi da ake cirar kayan gyara a jikinsu.

Bayan fashewar gilashi da lalacewar bakin caji, koken da ya fi yawa a wannan teburi shi ne: “Injiniya, ba ta riƙe caji.” Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya tara littattafansa a kwamfutar hannu, wadda kowa ke kira tab, yana faɗar haka. Malamin Islamiyya da ya cika tasa da tafsirai yana faɗa. Uwar da ta saya wa yara tab don su koyi baƙi da wasali ita ma haka. A cikinsu akan sami wanda ya ji labari a wurin aboki ko ya gani a YouTube, ya taho da maganinsa a baki: “A yi mini rutin.”

Shekaru goma da suka wuce mai gyara ba zai yi gardama ba. Yau yakan ɗaga kai ya tambaya tukuna: “Malam, akwai manhajar banki a ciki?”

Abin da ake nufi da rutin

Kalmar ta fito ne daga sunan da aka ba babban mai iko a tsarin kwamfuta na Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Amurka a 1969. Ma'anar sunan ita ce saiwa, tushen da komai ya tsiro daga gare shi. Mai wannan matsayi yana iya buɗe kowane fayil, ya goge abin da ya ga dama, ya ba injin umarni kai tsaye. Android, tsarin da ke cikin mafi yawan wayoyi da tab a Najeriya, an gina shi ne a kan Linux, wanda ya gaji wannan tsari na Unix. Sai dai kamfanonin da ke ƙera na'urorin ba sa miƙa wa mai saye wannan matsayi.

Idan aka kwatanta da gidan Bahaushe, mai saye yana da izinin shiga zaure da tsakar gida da ɗakunan baƙi, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya jera kayansa. Turaka kuwa a kulle take, makullin yana hannun wanda ya gina gidan, ko da an biya shi kuɗinsa lakadan. Rutin shi ne karɓe wannan makulli.

Akwai wata daidaituwa da ta cancanci a ambata. Ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta tsarin da ya zama Linux. Kwana biyu bayan haka, ranar 27 ga Agusta, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. A wannan shekarar dai kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam mai caji, kakan wanda ke cikin kowace tab a yau. Jihar da tsarin da batirin sa'annin juna ne, kuma a kan teburin mai gyara suke haɗuwa kullum.

Tarihin rutin ya fara tare da Android kanta. Wayar farko, T-Mobile G1 ta kamfanin HTC, ta fito a Oktoban 2008 da wani kuskure mai ban mamaki: duk abin da mutum ya rubuta a madannanta, tsarin yana ɗaukarsa a ɓoye a matsayin umarnin babban mai iko. Wanda ya rubuta kalmar sake kunna waya da Turanci sai ya ga wayarsa ta mutu ta taso. Google ta toshe ramin, amma masu son leƙa turaka sun riga sun ɗanɗana. Steve Kondik ya fito da CyanogenMod, tsarin Android da aka yi wa kwaskwarima, wanda ya rayu har ƙarshen 2016 kafin LineageOS ta gaje shi. Manhajar SuperSU ta zama mai gadin ƙofa, tana tambayar mai waya kafin ta bar wata manhaja ta taɓa saiwa. A 2016 wani matashi ɗan Taiwan, John Wu, ya kawo Magisk, wadda har yau ita ce hanyar da aka fi bi. A 2021 Google ta ɗauke shi aiki a sashen tsaron Android.

A arewacin Najeriya kasuwar rutin ta fi ci ne a tsakiyar shekarun 2010, zamanin ƙananan Tecno masu injin MediaTek da ma'ajiya 'yar mitsitsiya. Mutum ya sa WhatsApp da Facebook da Opera Mini, waya ta ce ta cika. Manhajoji irin su Framaroot da KingRoot suna buɗe waya da dannawa ɗaya, babu laftof babu igiya. Samari suka riƙa tura wa juna su ta Xender kamar yadda ake tura waƙa. Wasu don su kwashe manhajoji zuwa katin memori, wasu don su canza salon rubutu, wasu kuma, a faɗi gaskiya, don su sauya lambar shaidar waya ta IMEI ta yi kama da ta BlackBerry su ci moriyar data mai arha, abin da hukuma ba ta taɓa yarda da shi ba. Waɗannan ramukan an toshe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce zai buɗe sabuwar tab da dannawa ɗaya a yau, ko dai bai sani ba, ko kuma akwai abin da yake son cusa mata.

Wutar da ba ta kai naira goma ba

Dalilin da ya sa maganar batir ta fi ta ado nauyi a Jigawa a fili yake. Kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a Nuwamban 2013, yana raba abin da layin ƙasa ya ba shi ne, kuma abin da ke isowa ba ya isa. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna kuma layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, jihohin arewa da dama sun shafe sama da mako guda a duhu. Kafin nan, cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya riga ya mayar da tayar da janareta abin da sai an yi shawara. Wannan a cikin Dutse ke nan, a Takur da Fatara da Garu. Idan aka miƙa hanyar Kiyawa, aka ratsa ƙauyukan Jahun ko Miga ko Buji, akwai inda turakun wuta suke tsaye shekara da shekaru wayoyin ba su ɗauki komai ba, akwai kuma inda ba a kafa su ba ma.

Lissafin abin yana da ban tausayi. Tab mai batirin 7,000 mAh tana ɗaukar makamashin da bai kai abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ke sha a rabin awa ba. Ko da farashin wuta na rukunin A da aka sanya a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, cika ta bai kai naira goma ba. Amma wanda ba shi da wuta a gida ba wannan farashin yake biya ba. Shagon caji yake zuwa, inda aka jera soket ashirin ko talatin a jikin katako, mai shago ya manna wa na'urar lamba da salatif, ya ba mai ita ɗan kati mai lamba iri ɗaya. Kuɗin da zai biya ya ninka na mita sau da yawa, tab kuma ta fi waya tsada domin ta fi daɗewa a soket. Ga tafiya, ga jira, ga fargabar a musanya batir ko a ɗauke katin memori. Mutumin da ke cikin wannan hali idan aka ce masa akwai dabarar da za ta ƙara masa awa biyu, zai saurara.

Dabarar kuma ba ƙarya ba ce. Wanda ya riƙe saiwa yana iya tumɓuke manhajojin da kamfani ya dasa ba a tambaye shi ba: kasuwar manhaja ta biyu, manhajar labarai mai turo talla, wasannin da ba wanda ya nema, duk suna farkawa a ɓoye suna shan data da batir. Yana iya shiga wurin da ake tsara gudun injin ya rage masa ƙololuwa, ko ya sa shi ya riƙa komawa ƙaramin giya da wuri, kamar direban da ya san hanyar Birnin Kudu ya daina taka mota inda ba buƙata. Yana iya gano manhajar da ke hana na'ura barci bayan an kashe fuskarta, ya ɗaure ta. Mafi amfani a ƙasa mai zafi, yana iya sa caji ya tsaya a kashi 80 cikin ɗari maimakon ya cika ya zauna a cike.

Yadda ake yin aikin ya cancanci a kalle shi kusa. Mai gyara zai shiga saituna, ya nemo lambar ginin tsarin, ya danna ta sau bakwai a jere har na'urar ta ce ya zama mai haɓaka manhaja. Wani ɓoyayyen shafi zai bayyana. A nan zai kunna izinin buɗe butloda, wato ƙofar farko da na'ura ke bi idan an kunna ta, wadda aikinta shi ne ta tabbatar ba a taɓa tsarin ba. Sai ya haɗa tab da laftof, ya rubuta umarni a baƙin allo. Gargaɗi zai fito, kuma da zarar an amince, komai na ciki ya tafi: hotunan biki, lambobin 'yan uwa, karatun da aka tara. Daga nan ya nemo fayil ɗin tayar da tsarin wanda ya dace da wannan samfurin daidai, Magisk ta yi masa faci, a mayar da shi ciki. Sannan a danna makunni.

Wannan shi ne lokacin da hira ke tsayawa a rumfa. Tambarin kamfani ya fito a fuska ya tsaya. Mai gyara yana kallo, mai tab yana kallon mai gyara. Idan aka yi sa'a, bayan minti ɗaya ko biyu fuska ta wuce. Idan fayil ɗin na wani samfuri ne mai kama da wannan, sai ta riƙa mutuwa tana tashi a kan tambarin, ko ta taso amma gilashin ya daina jin yatsa, ko ta yi baƙi ƙirin ta zama bulo, kamar yadda masu sana'ar ke faɗa. Injinan MediaTek suna da sauƙin ceto, domin akwai manhajar SP Flash Tool da masu filashin ke mayar musu da tsarin asali. Matsalar ita ce tab marasa suna, irin na yara masu murfin roba mai kunnuwa da ake sarowa daga Kano. Sau da yawa babu inda za a samu tsarinsu na asali, biyu masu fuska ɗaya ma cikinsu ya bambanta. Idan irin wannan ta mutu, kwalin ƙarƙashin tebur ne makomarta.

Kamfanoni ma sun ƙara tsuke ƙofar. Huawei ta daina ba da lambar buɗe butloda tun 2018. Xiaomi ta daɗe tana sa mutum jiran awa 168, mako guda cur. A na'urorin Samsung akwai wani ɗan fis na tsaron Knox da ke ƙonewa da zarar an sa tsarin da ba na kamfani ba, kuma ba ya gyaruwa ko an mayar da komai yadda yake.

Ɓarayin batir na gaskiya

Inda masu neman rutin da yawa ke kuskure shi ne wurin gane ɓarawon. Manyan masu cin batir a tab guda uku ne, kuma babu wanda makullin turaka ke kamawa a cikinsu.

Na farko fuska. Tab mai inci goma fitila ce babba, kuma a hasken ranar Jigawa mutum yakan ƙure haskenta don ya iya gani. Mafi yawan masu arha suna da fuskar LCD, wadda fitilarta ke kunne a baya ko shafin fari ne ko baƙi, don haka yanayin duhu da ake yabo ba ya rage musu wani abin kirki. Sai a fuskar AMOLED yake aiki. Komawa inuwa a rage haske zuwa rabi ya fi duk wani wasa da gudun injin tasiri.

Na biyu sabis. Idan eriya ta yi nisa, na'ura tana ƙara ƙarfin kiranta kamar mai kwaɗa wa wani kira daga wancan ƙarshen gona. Tab mai layi a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya tana iya wuni tana laluben 4G da babu shi, batir yana zuba ba a taɓa ta ba. Mai karatun da ya riga ya sauke littattafansa, idan ya sa ta a yanayin jirgin sama, zai ga bambanci a ranar.

Na uku, wanda ya fi su ɓarna domin shi ba ya mayar da abin da ya ɗauka, zafi ne. Batirin litiyam yana tsufa da sauri idan ya yi zafi, ya fi kuma tsufa idan zafin ya same shi a cike. Kamfanin Apple ya rubuta cewa na'urorinsa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 16 da 22, kuma abin da ya haura 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. A Dutse watannin Afrilu da Mayu suna haura 40 a inuwa. A ƙara da ɗakin kwano, da murfin roba mai kauri, da caja ta bogi, da wutar janareta mai hawa da sauka, da ɗabi'ar kallon fim alhali na'ura tana jikin soket. Akwai mai barin tab a gaban gilashin mota ya shiga kasuwar Shuwarin, akwai mai tura ta ƙarƙashin matashi tana caji don kada yara su ɗauka. Bayan shekara ɗaya bayanta ya fara tasowa, gilashi ya ɗago daga gefe. Batir ya kumbura ke nan, iskar gas ta taru a cikinsa, kuma babu umarnin da za a rubuta a baƙin allo ya sa ya sace. Irin wannan cire shi ake yi, ba a huda shi, ba a danne shi, ba a jefa shi a bola inda ake cinna wuta. Gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ranar Babbar Sallah a Yunin 2025, inda masu gyaran Dutse da dama ke saro kaya, rahotannin farko sun alaƙanta ta da fashewar batir.

Ban da haka, Android ta riga ta karɓe yawancin aikin da ake yin rutin dominsa. Tun sigar 6 a 2015 aka sa mata tsarin gyangyaɗi mai suna Doze, wanda ke tara buƙatun manhajoji ya hana su tayar da na'ura kowane minti. Sigar 9 a 2018 ta fara lura da manhajojin da mutum ba ya buɗewa tana rage musu rabo. Tab na Samsung da wasu sababbin na'urori suna da maɓallin tsayar da caji a kashi 80 ko 85 a cikin saituna, ba sai an fasa komai ba. Har manhajojin da kamfani ya dasa akwai hanyar tsakiya ta kawar da su: da igiya da laftof da kayan aikin ADB na Google kanta, ana iya kashe su ga mai amfani ba tare da an buɗe butloda ko an goge hoto ɗaya ba. Mai gyaran da ya san aikinsa nan yake fara tsayawa, kuma a ganin mai wannan rubutu, mutum tara cikin goma da ke zuwa da koken caji bai kamata a wuce da su nan ba.

Tambayar banki kuwa tana da tushe. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har masu sayar da dabino da 'yan tireda zuwa tiransifa, kuma ba su dawo ba. Manhajojin kuɗi da yawa suna tambayar Google, ta hanyar tsarin Play Integrity, ko an taɓa na'urar. Idan amsar ta nuna an taɓa, sai su ƙi buɗewa. Akwai dabarun ɓoyewa, amma wasan ɓuya ne da ba ya ƙarewa: ya yi aiki yau, a wayi gari an sabunta wani abu ya daina, mutum yana tsaye gaban mai shago da kaya a hannu.

Bankunan ba don mugunta suke yi ba. Ƙofar da mai gida ya ɓalle, ɓarawo ma ta nan zai shiga. A 2020 masu binciken Secure-D sun bayyana cewa sun gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashe irin su Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Ta zauna ne a can cikin tsarin, inda mai waya ba ya iya kaiwa, tana jawo wata manhajar da ke yi wa mutane rajistar ayyukan kuɗi ba da saninsu ba, tana cinye musu kati da data. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce matsalar ta shigo ne ta hannun wani mai kawo masa kaya, kuma ya fitar da gyara. Labarin yana da fuska biyu. Ya nuna irin ɓarnar da abu ke yi idan ya kai ga saiwa. Ya kuma nuna cewa talakan da ya sayi wayar sabuwa a kwali ba shi da ikon cire abin da aka dasa masa, ko da ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Tab ɗin da ba taka ba

Akwai wani rukuni na tab da ke ƙaruwa a Jigawa, waɗanda ba mai riƙe da su ne ya saya ba. Shirin JigawaUNITE, wanda gwamnatin Malam Umar Namadi ta ƙulla da kamfanin NewGlobe, yana ba malaman firamare na'urar hannu ɗauke da darussan kowace rana, irin tsarin da aka bi a Edo da Legas da Kwara da Bayelsa. Na'urar BVAS da hukumar zaɓe ta kai rumfuna sama da 176,000 a zaɓen 2023 ita ma dangin tab ce. Ma'aikatan lafiya da masu tattara bayanan ƙungiyoyi suna yawo ƙauye-ƙauye da nasu. Ga kuma wayoyin bashi, waɗanda ke kulle kansu idan ranar biya ta wuce. Duk waɗannan an kulle su da gangan, kuma mai gyaran kirki yakan mayar da su idan aka kawo masa a buɗe. Ya yi daidai. Kayan amana ne, wasu ɗauke da sunayen yara ko bayanan marasa lafiya, kuma wanda ya fasa su ba batir kawai ya taɓa ba.

Sai dai duk mai raba na'ura ya kamata ya san labarin Habasha. A 2012 ƙungiyar One Laptop per Child ta ajiye kwalayen tab ƙirar Motorola Xoom, tare da na'urar caji mai aiki da rana, a ƙauyuka biyu, Wonchi da Wolonchete, inda yara ba su taɓa shiga aji ba. Wanda ya kafa ƙungiyar, Nicholas Negroponte, ya ba da labarin cewa cikin wata biyar yaran sun gano yadda za su kunna kyamarar da aka kashe musu, sun kuma tsallake shingen da aka sa don hana su canza fuskar na'urar. Yaran da ba su san harafi ba ke nan. Abin lura na biyu a labarin shi ne cewa tare da tab ɗin aka kai wutar da za ta ci. Malamin da aka miƙa wa na'ura a ƙauyen da babu wuta, idan ba a haɗa masa da faifan sola ko fawa banki na gaske ba, an ƙara masa kuɗin caji ne a kan albashinsa, kuma ba abin mamaki ba ne idan wata rana ya tsaya gaban teburin mai gyara yana tambayar ko akwai dabara.

A ƙasashen da wuta ba ta yankewa ma ana wannan ja-in-ja, sai dai a kotu da majalisa. A ƙarshen 2017 Apple ta amsa cewa tana rage gudun tsofaffin iPhone masu raunin batir ba tare da ta gaya wa masu su ba. Faransa ta ci ta tarar yuro miliyan 25 a 2020, a Amurka kuma ta amince ta biya har dala miliyan 500. Amurka ta halatta wa mutum fasa makullin wayarsa a 2010, ta faɗaɗa izinin zuwa tab a 2015. Tarayyar Turai ta bi ta wata hanyar: daga 20 ga Yuni 2025, wayoyi da tab da za a sayar a can dole batirinsu ya jure caji 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 na ƙarfinsa, a samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, a kuma ci gaba da sabunta tsarinsa aƙalla shekara biyar. Wasu daga cikin waɗannan na'urori za su iso Kano a matsayin na hannu bayan 'yan shekaru, daga nan su hau motar Dutse. Tab marar suna mai murfin kunnuwa kuwa babu dokar Turai da ta shafe ta.

A rumfar gyara, abin yakan ƙare ne ba tare da an taɓa saiwa ba. Mai gyara ya buɗe shafin batir a saituna, ya juya fuskar wajen mai ita, ya nuna masa jerin masu shan wutar da yatsa: fuska a sama, sai TikTok, sai neman sabis. Ya kifa tab ɗin a kan tebur ya ga tana lilo a kan cikinta maimakon ta kwanta. Ya sa farce a gefe, murfin ya ɗago da kansa.

“Malam, batirin ne ya kumbura. Ko na yi maka rutin ba abin da zai canza. Sai dai a sa a kawo sabo daga Kano, jibi in Allah ya yarda.”

A yi ciniki, a rage ɗari biyar, a ba da kafin alƙalami. Mai tab ya miƙe, ya gyara hularsa, har ya kai bakin rumfa sai ya ji ƙarar janareta a bayan shago. Ya dawo, ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayarsa mai madannai.

“Injiniya, tunda injinku na kunne, bari in bar wannan ta ɗan sha wuta kafin in dawo daga La'asar.”